Mariya Montesori: Likitar Da Ta Koya Wa Yara Dogaro Da Kai

A wannan mako za mu kawo muku labarin wata mata 'yar ƙasar Italiya, Mariya Montesori, wadda aka haifa a shekarar 1870. Ta zama likita a birnin Rum a 1896, zamanin da mace likita a ƙasar sai an tona.

A 1907 masu wani gidan haya a unguwar talakawa ta San Lorenzo a Rum suka danƙa mata yara kamar hamsin, waɗanda iyayensu kan fita aiki tun da safe, su kuwa su wuni suna ɓata bango. Masu gida dai ta bangonsu suke yi. Ita kuwa sai ta zauna ta zuba wa yaran ido.

Ta sa aka yi musu 'yan kujeru da tebura marasa nauyi waɗanda yaro zai iya ɗauka, aka jera kayan koyo ƙasa-ƙasa inda hannunsa zai kai. Aka nuna musu wanke hannu, da sa maɓalli, da shara, har da raba wa juna abinci. In yaro na fama da maɓallin rigarsa, malama ba ta karɓa ta yi masa, sai ta bar shi ya yi ta yi har ya iya. Ku iyaye kun san wuyar wannan, balle in ana sauri.

Ta kuma haɗa ɗan shekara uku da ɗan shekara shida a aji ɗaya, babba na jan ƙarami. Kowane irin kayan koyo guda ɗaya ne tak, mai so dole ya jira ɗan'uwansa ya gama. Ta haka haƙuri ke shiga yaro ba tare da bulala ba.

Abin tausayi, ita kanta ba ta yi renon ɗanta Mariyo ba. Ta haife shi a 1898 ba ta da aure, aka kai shi ƙauye hannun wasu, sai da ya tasa ya dawo wurinta, ya zama babban mataimakinta.

Ta bar Italiya a 1934 bayan sun saɓa da gwamnatin Musolini. Ta tafi Indiya koyar da malamai a 1939, yaƙin duniya ya tsare ta a can har 1946. Ta rasu a ƙasar Holan a 1952, tana da shekara 81.