Willard Libby, mutumin da ya auna shekarun gawayi

An haifi Willard Libby a ƙasar Amurka a shekarar 1908. Ɗan manomi ne. Ya girma a Kalifoniya, ya yi karatun kimiyya, daga baya ya koyar a jami'ar Shikago.

Akwai wani abu a cikin iska da ake kira karbon 14. Ido ba ya ganin sa. Itatuwa da ciyawa suna shan sa, dabbobi da mutane kuma suna samun sa ta abinci. Ranar da itace ya mutu, shan ya tsaya ke nan, wanda ke jikinsa kuma ya dinga raguwa a hankali. Bayan shekara 5730 rabi ne yake saura. In aka ƙara wasu 5730, sai rubu'i. Libby ya gane cewa in aka auna abin da ya rage cikin gawayi ko katako, za a iya lissafa tsufansa.

Bai yarda da dabarar haka kawai ba. Sai da ya gwada ta da katakon kaburburan sarakunan Masar, waɗanda an riga an san zamaninsu. Lissafi ya zo kusa. A 1949 ya bayyana aikinsa.

Sai aka yi ta aika masa da tsofaffin abubuwa daga ko'ina, har daga Sudan, ƙasar da Hausawa mahajjata suka kafa ƙauyuka a cikinta. Can arewa da Umdurman, a Shahainab, wani Bature mai suna Arkell ya tono gawayin mutanen dā. Libby ya auna, ya rubuta: shekara 5060 ± 450.

Yara, ku lura da alamar nan ±. Tana nufin a ƙara ko a rage. Wato shekarun gawayin suna tsakanin 4610 da 5510. Ko hakan ma ba tabbas ba ne: sau biyu cikin uku ne amsar gaskiya take faɗawa a wannan tsakani. Masanin kirki ba ya ɓoye wannan lamba.

Daga baya masana suka ƙirga zobban da ke cikin gindin tsofaffin itatuwa, zobe ɗaya shekara ɗaya, suka gyara lissafin. Sai aka ga Shahainab ta kai wajen shekara 6000.

An ba Libby kyautar Nobel a 1960. Ya rasu a 1980.