Roberto Clemente: Gwarzon besbol da ya rasu a hanyar kai agaji

An haifi Roberto Clemente ranar 18 ga Agusta, 1934, a garin Carolina na tsibirin Puerto Rico, inda mahaifinsa ke kula da lebura a gonar rake. A 1955 ya fara buga wa ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta Amurka, kuma ya shafe kakar wasa 18 yana tsaron gefen dama na bayan fili, wurin da ake cafke ƙwallon da aka bugo nesa a jefo ta cikin hanzari.

Ya yi bugu mai nasara 3,000 cif, 240 daga ciki sun ba shi damar zagaye fili gaba ɗaya ya ci maki. Sau huɗu yana zama zakaran bugu a gasar National League, ya karɓi kyautar Gold Glove ta gwanin tsaro sau 12 a jere, sannan aka zaɓe shi gwarzon gasar a 1966. Da shi Pirates ta ɗauki kofin World Series a 1960 da 1971.

Wannan bajinta ba ta tsare shi daga wariya ba. A sansanin atisaye na Florida, dokokin wariyar launin fata sun hana shi kwana a otal ɗaya da abokan wasansa fararen fata. 'Yan jarida sun yi ta kwaikwayon lafazin Turancinsa, suna taƙaita sunansa zuwa Bob. Ya ƙi amincewa, ya kuma riƙa ƙalubalantar su a fili.

Ranar 23 ga Disamba, 1972, girgizar ƙasa ta rusa Managua, babban birnin Nicaragua. Clemente ya tara kayan agaji, sai labari ya iso masa cewa jami'an gwamnatin Somoza suna karkatar da su. Ya yanke shawarar raka kayan da kansa. A daren 31 ga Disamba, jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ya faɗa teku jim kaɗan da tashinsa daga San Juan. Clemente yana da shekara 38, kuma ba a ga gawarsa ba.

A 1973 aka shigar da shi zauren gwarzayen besbol ba tare da jiran shekara biyar da ƙa'ida ta tanada ba. Har yau, kyautar da ake bai wa ɗan wasan da ya fi yi wa al'umma hidima kowace shekara sunansa take ɗauke da shi.