Martinus Beijerinck, Malamin Da Ya Raɗa Wa Halittun Cikin Ƙasa Suna

Duk wanda ya taɓa tuge gyaɗa ko wake ya ga waɗansu ƙananan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. Iyayenmu sun daɗe da sanin cewa gonar da aka shuka wake takan yi wa gero kyau, shi ya sa suke haɗa su a kunya ɗaya. Mutumin da ya fara ware halittar da ke zaune cikin ƙullin nan shi ne Martinus Beijerinck, mutumin ƙasar Holan.

An haife shi a Amstadam ran 16 ga Maris, 1851. Mahaifinsa ɗan kasuwar taba ne wanda jarinsa ya karye, saboda haka yaron ya tashi cikin rashi. Ya yi karatu a Delft da Leiden, ya sami digirin dakta a 1877 a kan ƙululun da ƙwari ke jawowa a jikin itatuwa. Kamar mu, shi ma ya riƙe alli, ya koyar a makarantar aikin gona ta Wageningen, kafin a 1885 ya koma wani kamfanin yin yisti a Delft.

A 1886 Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka nuna cewa dangin wake suna samun naitirojin daga iska ta wurin ƙullin saiwarsu. Wajen kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne, amma tsiro ba ya iya cinsa kai tsaye. To, wa ke yi masa aikin? A 1888 Beijerinck ya fitar da bakteriyar daga ƙullin, ya rene ta ita kaɗai, ya kira ta Bacillus radicicola. Daga baya aka sa ta cikin dangin Rhizobium.

Wahalar ita ce, ba a raɗa wa bakteriya suna sai an raba ta da sauran, a ga siffarta da abincinta. Ɗan yatsa guda na ƙasa kuwa cike yake da iri-iri, duk a cakuɗe. Dabararsa mai sauƙi ce har ɗan aji ɗaya zai gane. Sai ya shirya abincin da iri ɗaya kaɗai zai iya rayuwa a kai. Ya zuba ƙasar lambu cikin ruwa mai sukari wanda babu naitirojin a ciki. Duk mai bukatar a ba ta naitirojin ta kasa yaɗuwa, wadda ke iya ɗebo nata daga iska ta cika kwalba. Da haka a 1901 ya bayyana Azotobacter chroococcum, wadda ke zaune cikin ƙasa ba ruwanta da saiwa. A ganinmu wannan dabara ta fi sunayen da ya raɗa daraja, domin masu binciken sababbin irin bakteriya suna amfani da ita har yau. Mun karanta a Littafin Farawa cewa Allah ya danƙa wa Adamu raɗa wa dabbobi suna. Ashe akwai saura a ƙarƙashin ƙafafunmu.

A 1898 kuma ya nuna cewa abin da ke kawo cutar dabbare-dabbare a ganyen taba ya fi bakteriya ƙanƙanta, ya kira shi bairus.

Ba mutum ne mai sauƙin zama ba. Tun da ya zama farfesa a Delft a 1895 aka san shi da tsanani ga ɗalibai, bai kuma yi aure ba. Ya ajiye aiki a 1921, ya koma ƙauyen Gorssel tare da 'yan'uwansa mata, ya rasu a can ran 1 ga Janairu, 1931. A 1950 aka raɗa wa wani dangin bakteriyar ƙasa, wanda ake yawan samu a ƙasashe masu zafi, suna Beijerinckia.