Marigayi Alhaji Abubakar Imam, Mai Aku da Ruwan Bagaja

Da Editan wannan mujalla tamu ya nemi in kawo tarihin wani babban mutum, ban sha wahalar zaɓe ba, domin gardamar da ta kaure a taronmu na bara ta riga ta zaɓa mini. Waɗanda suka halarta za su tuna cewa bayan an ci an sha, hira ta gangaro kan littattafan da ya kamata mu saya wa 'ya'yanmu. Wani ɗan ajinmu, wanda yanzu injiniya ne, ya ce shi Harry Potter ya tara wa nasa, don a ganinsa Hausa ba ta da littattafan al'ajabi irin waɗannan. Da aka ambaci Magana Jari Ce sai wani ya kada baki ya ce ai wannan kwashe-kwashe ne daga littattafan Larabawa da na Turawa. Malaminmu na Hausa yana zaune a gefe, murmushi kawai ya yi. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai har yau.

Dalili kuwa shi ne, ban manta da ranakun Asabar ɗin da muke ratsawa ta Fagge mu faɗa Sabon Gari ba, mu tsaya wajen masu baza littattafai a Bata, kowa yana lissafin canjin da ke aljihunsa. Mutum biyar sai su haɗa kuɗi su sayi littafi ɗaya, ya yi ta yawo a aji har bangonsa ya cire. Mun karanta na yaƙi da na aljanu iri-iri, muna musu a kan wane jarumi ya fi wane. Amma wanda duk muka yi tarayya a kansa, har da masu cewa su sai na Turanci, shi ne na Abubakar Imam.

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne, mahaifinsa Malam Shehu Usman alƙali ne, saboda haka da karatun allo da Larabci ya buɗe ido. A Katsina ya yi karatun boko, a hannun yayansa Malam Bello Kagara. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya gama a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Ke nan malamin makaranta ne kafin ya zama komai, kuma ina roƙon malamanmu masu karanta wannan shafi su lura da haka.

A shekarar 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, aka sa gasa. Abin ba sauƙi ba ne a wancan zamani, domin malamai sun ɗauki rubutu abu ne na addini da ilmi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare. Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Mai karatu zai lura cewa biyu daga cikin biyar ɗin daga gida ɗaya suka fito, wa da ƙane. Imam a lokacin shekarunsa 22 kacal.

To, wanda ya ce Hausa ba ta da littafin al'ajabi, ya koma ya buɗe Ruwan Bagaja. Saurayi ne ya bar gida don ya nemo wani ruwa da zai warkar da ɗan Sarki, ya kuma wanke Liman daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Ya shafe shekaru yana ratsa ƙasashe, har ya dangana da ƙasar aljanu kafin ya samo shi. Wannan shi ne ƙashin bayan manyan littattafan al'ajabi na duniya: tafiya mai nisa, abin nema guda ɗaya, da halittun da ba mutane ba. Kuma Ruwan Bagaja ya fito a 1934, shekara uku kafin The Hobbit na Tolkien ya fito a Ingila. Sai dai ni abin da ya fi burge ni ba aljanun ba ne, Malam Zurƙe ɗan Muhamman ne. Duk garin da Alhaji Imam ya sauka sai ya ci karo da shi, wannan ya yi wa wancan ƙulli, wancan ya rama a gari na gaba. Har gobe a ofishinmu idan mutum ya cika dabara, Zurƙe ake ce masa. Ga kuma ƙarfin hali irin na saurayi, wai marubuci ya ɗauki sunansa ya liƙa wa tauraron labarinsa!

Ganin irin baiwarsa ya sa East ya nemi a ba shi aron Imam daga Katsina. Ya zo Zariya a 1936, aka tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, ya zauna wajen wata shida yana aiki. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, da labarai fiye da 80. Kowa a cikinmu ya san yadda aka ƙulla shi: Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri yana ƙulla makirci, aku kuwa yana ta zuba labari don ya hana Musa ɗan Sarki fita daga gida ya faɗa tarko. Labari a nan ba abin kashe lokaci ba ne, shi ne ya tsare ran yaro.

Yanzu sai mu zo kan maganar ɗan'uwanmu mai cewa kwashe-kwashe ne. Gaskiya ne an yi aro, kuma ba a ɓoye aka yi ba. Akwai labaran da suka fito daga Alfu Laila wa Laila, akwai na Kalila wa Dimna, akwai na tatsuniyoyin Jamus waɗanda 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm suka tara. Shi kansa aku mai ba da labari don ya tsare wani a gida, asalinsa daga wani tsohon littafin Indiya ne. Ko Ruwan Bagaja ma, masana sun nuna inda ya ɗebo daga Maƙamatul Hariri, wanda malaman zaure suka sani sarai. Amma ina tambaya, a cikinmu wa ya taɓa karanta Magana Jari Ce yana ɗan aji ɗaya ya ji ƙamshin Jamus ko Indiya? Sarakunan namu ne, da fadawa da dogarai da 'yan kasuwa, zagin namu ne, ba'ar tamu ce, karin maganar kuwa kamar a bakin kakarka. Auduga ce aka sayo daga nesa, amma saƙar da rinin da ɗinkin duk a gida aka yi su. Su ma marubutan Turai da ake yi mana kuri da su, daga tsofaffin tatsuniyoyin ƙasashensu da na maƙwabta suka ɗebo. A ganina wanda ya kira wannan aiki sata bai taɓa gwada mayar da labarin wata al'umma cikin harshensa ba.

Ƙofar da ya buɗe kuwa ba ta rufe ba. Ta nan Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya biyo, haka kuma Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi sararin samaniya a 1969, shekarar da Amurka ta sauke mutum a kan wata.

Abin da da yawa daga cikinmu ba mu sani ba muna makaranta shi ne, ƙaga labari ɗan ƙaramin yanki ne na rayuwarsa. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na farko, ya kuma riƙe ta fiye da shekara goma. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe. A can Azikiwe ya shirya takardar neman mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu, domin yana ganin Arewa ba ta shirya ba tukuna. Ana iya yarda da shi ko a saɓa masa, amma ba tsoron Turawa ne ya hana shi ba, don a wannan tafiya ya gana da Lugga, ya zayyana masa abubuwan da ke damun Arewa a ƙarƙashin tsarin da shi Luggan ya kafa. Labarin tafiyar shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta zama NPC.

Ni da nake ma'aikacin gwamnati, akwai inda tarihinsa ya shafe ni kai tsaye. A tsakiyar shekarun 1950 ya shiga Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, daga baya ya zama shugabanta, a daidai lokacin da Turawa ke tattara komatsansu ana neman 'yan ƙasa da za su gaje su. Wato mutumin da ya sa aku ya zama Waziri a littafi, shi ne ya zauna yana tantance waɗanda za su riƙe ofisoshin Arewa a zahiri. Duk ranar da fayil ya taru a gabana nakan tuna da haka in yi dariya ni kaɗai.

Alhaji Abubakar Imam ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70, tun ba a haifi ko ɗaya daga cikin 'yan ajinmu ba. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

A watan jiya na koma Sabon Gari, na sami Magana Jari Ce duka ukun, bugun kamfanin NNPC na Zariya, ba na man fetur ba. Na sayi kashi biyu. Ɗaya yana hannun 'yata, ta kai inda aku ya fara labari. Ɗayan na injiniya ne, zan kawo masa taro mai zuwa in Allah ya kai mu, kuma ba sai ya biya ba.