Muhammadu Rumfa: Sarkin da ya shigo da kakaki fadar Kano

Kakakin da ake ji a hawan Sallah a Kano gadon Sarki Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499.

Rumfa ɗan Sarki Yakubu ne, kuma shi ne na 20 a jerin sarakunan Kano tun daga Bagauda. Tarihin sarakunan Kano ya lissafa abubuwa 12 da ya soma, ciki har da busa kakaki da riƙe figini na gashin jimina.

Kakaki dogon abin busa ne na ƙarfe, mai gaɓoɓi da ake harhaɗawa. Ba shi da ramukan yatsa irin na algaita, don haka da leɓe da numfashi mabushi ke juya muryarsa. Sarakuna ake busa wa, ba attajirai ba, komai dukiyarsu.

Rumfa ne ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi da majalisar Tara ta Kano. A zamaninsa Shehu Al-Magili ya zo Kano, ya rubuta masa nasihohin mulki.

Ya rasu a 1499, ɗansa Abdullahi ya gaje shi.