Fulorens Naitingel: Matar da Ta Shiga Asibiti da Burushi da Littafin Lissafi

Bana mun zaɓo tarihin wata Baturiyar Ingila, Fulorens Naitingel, wadda ake ɗauka uwar aikin jinya na zamani. Dalilinmu biyu ne. Da wuya a samu wata a cikinmu da ba ta taɓa shimfiɗa tabarma a gefen gadon asibiti tana jinyar nata ba. Sannan da yawa cikin 'ya'yanmu mata suna sha'awar karatun nas, ya kamata su san inda aikin ya samo asali.

Tasowarta

An haife ta ranar 12 ga Mayu, 1820, a birnin Fulorens na ƙasar Italiya, lokacin da iyayenta suke yawon buɗe ido a can, shi ya sa aka raɗa mata sunan garin. Iyayen masu hannu da shuni ne, suna da manyan gidaje biyu a Ingila, na zaman sanyi da na zaman zafi. Su biyu aka haifa, ita da yayarta. Mahaifinsu da kansa ya zauna ya koyar da su harsuna da tarihi, abin da ba a cika yi wa 'ya'ya mata ba a lokacin. Ita kuwa Fulorens sai lissafi ya shiga ranta.

A 1837, tana 'yar shekara 16, ta ji a zuciyarta cewa Allah Ya kira ta ga wata hidima. Sai da ta ɗauki shekaru kafin ta gane cewa hidimar jinya ce. Ranar da ta furta wa iyayenta, gida ya hautsine. Ba laifinsu ba ne gaba ɗaya. A Ingila ta wancan zamani babu makarantar koyon jinya ta kirki, matan da ke aikin ana yi musu kallon mashaya marasa kamun kai, asibiti kuma wurin talaka ne wanda ba shi da mai kula da shi a gida. 'Yar manya ta ce can za ta? Uwarta ta ce sam.

Ta haƙura, amma ba ta saki ba. Takan tashi da asuba ta karanta rahotannin asibitoci a ɓoye. Wani ɗan majalisa, marubuci, ya yi shekaru yana neman aurenta, a 1849 ta ba shi haƙuri, kuma har ta mutu ba ta yi aure ba. Ba muna cewa 'ya'yanmu su bi ta a nan ba ne. Zamaninta ne ya tilasta mata zaɓen ɗaya. Yau ga nas-nas nan da mazajensu da 'ya'yansu, suna aikinsu lafiya lau.

A 1851, tana da shekara 31, ta samu ta tafi Jamus ta yi wata uku tana koyon jinya a wata cibiya ta coci. A 1853 aka ba ta shugabancin wani ƙaramin asibitin mata a Landan. Mahaifinta, wanda zuwa lokacin ya sauko, ya yanka mata fam 500 duk shekara. A nan ta fara nuna halinta: ta sa aka ja ruwan zafi zuwa kowane bene, aka sa ƙararrawar da majinyaci zai kira nas, ta bi kuɗin cefane ɗaya bayan ɗaya ta toshe ɓarna.

Barikin Sukutari

A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙi a gefen Turkiyya suna faɗa da Rasha a yankin Kirimiya. Jaridu suka fara kawo labarin yadda sojojin Ingila ke mutuwa a wulaƙance babu mai kula da su. Ministan da ke kula da harkar soja, Sidni Habat, wanda ya san ta, ya roƙe ta ta je. Ranar 21 ga Oktoba ta tashi da mata 38, farkon Nuwamba suka isa Sukutari, wata unguwa a Santambul, inda aka mai da wani tsohon barikin soja asibiti.

Abin da suka tarar ba ya faɗuwa. An gina barikin a kan magudanar ƙazanta da ta toshe, warin masai yana tasowa har inda majinyata ke kwance. Ga ɓeraye, ga ƙwarƙwata, ga ƙuma. Sojoji suna kwance reras a barandu cikin rigunan da suka yi yaƙi da su, jini ya bushe a jiki. Babu isasshen sabulu, babu tawul, babu kwanukan wanka. Likitocin soja kuma ba su yi maraba da mata ba. Ta hana matanta taɓa kowa sai likita ya nema. Ba a daɗe ba jiragen ruwa suka fara sauke ɗaruruwan masu rauni, dole aka neme su.

Cikin abubuwan da ta fara nema har da burushin goge daɓe guda 200. Ta kama hayar gida ta mai da shi wurin wanki da ruwan zafi, ta ɗauki matan sojoji aiki tana biyan su. Da kuɗin taimakon da jama'a suka tara da kuma na aljihunta, ta aika kasuwannin Santambul aka sayo riguna, safa, cokula da kwanuka. Ta buɗe kicin na musamman domin waɗanda ba sa iya cin abincin bariki. Ta rubuta wa iyayen waɗanda suka mutu wasiƙu. Daga baya ta buɗe wa sojoji ɗakin karatu, ta kuma shirya musu hanyar aika albashinsu gida maimakon su ƙarar da shi a mashaya. Da dare, bayan kowa ya kwanta, takan zaga majinyata da fitila a hannu. Daga nan aka yi mata laƙabi da Mai Fitila.

To amma ga inda darasin yake. Duk da wannan wahala, mutuwa ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi. A sanyin farko kaɗai sojoji 4,077 suka mutu a can, mafi yawansu ba rauni ne ya kashe su ba, kwalara ce da atuni da taifot da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa. A watan Fabrairu na 1855, cikin kowane majinyaci 100 wajen 42 ne ke mutuwa. A watan Maris gwamnati ta turo kwamitin duba tsafta. Suka yashe magudanun, suka kwashe mushen dabbobi, har mushen doki suka tarar a hanyar ruwan da ake sha. Suka huda wuraren shigar iska, suka shafe bango da farar ƙasa. Sanyi ya wuce, cunkoso ya ragu, abinci ya gyaru. Zuwa watan Yuni mutuwar ta sauko zuwa wajen 2 cikin 100. Tausayi da fitila sun sanyaya zukata, amma sai da aka gyara ruwa da masai da iska sannan rayuka suka tsira.

Ita ma ba ta fita lafiya ba. A watan Mayu na 1855 wani mugun zazzaɓi ya kama ta, saura kaɗan ta mutu, kuma ciwon bai rabu da ita ba shekara da shekaru.

Yaƙin alƙalami

Ta koma gida a watan Agusta na 1856, ta guje wa duk wani bikin tarba. Abin da ke cin ranta shi ne, me ya kashe yaran mutane? Ta gana da Sarauniya Biktoriya, ta matsa har aka kafa hukumar binciken lafiyar sojoji a 1857. Ta zauna da wani masanin ƙididdiga, Wiliyam Far, suka baje littattafan asibiti. Mu 'yan kasuwa da masu riƙe littafin adashi mun san wannan: baki yana iya musu, amma abin da aka rubuta ran da aka yi shi ba ya ƙarya. Lissafi ya nuna sojojin Ingila fiye da 16,000 cuta ce ta kashe su, waɗanda suka mutu a fagen fama ko ta dalilin rauni ba su kai 5,000 ba. Ko a lokacin zaman lafiya, sojan da ke bariki a Ingila ya fi farar hula sa'ansa mutuwa wajen ninki biyu.

Da ta ga manya ba za su zauna karanta lambobi ba, sai ta zana musu hoto mai kama da faifai, ta raba shi gida 12, kowane gida wata guda. Shuɗi na waɗanda cutar da za a iya karewa ta kashe, ja na masu rauni, baƙi na sauran. Kallo ɗaya mutum zai yi ya ga shuɗin ya cinye faifan. A 1858 ta zama mace ta farko da ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓa.

A 1859 ta fitar da wani ɗan littafi a kan jinya, wanda ta rubuta domin matan gida irinmu. Ta yi maganar iska mai kyau, hasken rana, ruwa mai tsafta, gyaran kwata, wanke kayan shimfiɗa, lura da majinyaci, da yawan wanke hannu. Da kuɗin da jama'a suka tara mata, fam dubu arba'in da 'yan kai, ta buɗe makarantar jinya a asibitin Sen Tomas na Landan a watan Yuli na 1860 da ɗalibai 15. Ɗalibanta suka bazu ƙasashe suna buɗe wasu makarantun. Ta kuma tsara yadda za a gina ɗakin kwanciya: dogo, tagogi hagu da dama, tazara tsakanin gado da gado.

Akwai wani abu da ya shafe mu mata kai tsaye. A 1861 ta buɗe sashen koyar da ungozoma a wani asibitin Landan. Zazzaɓin jego ya ɓarke ya kashe masu haihuwa, a 1867 aka rufe sashen. Ba ta binne maganar ba. Ta tattara lissafin gidajen haihuwa, ta buga a 1871, ta nuna illar cunkoso da haɗa mai jego wuri ɗaya da masu wasu cututtuka. Gyaran da ya biyo bayan irin wannan bincike ne ya sa yau zuwa awo da haihuwa a hannun ƙwararru suka fi aminci.

Yawancin wannan aiki daga kan gado ta yi shi, da dubban wasiƙu, har da na gyaran ruwa da tsaftar ƙauyukan Indiya. Da farko ta ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo cuta, da masana suka tabbatar da ƙwayoyin cuta ta karɓi gaskiya. A 1907 ta zama mace ta farko da aka ba babbar lambar girma ta cancanta a Ingila. Ta rasu ranar 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90. An so a binne ta inda ake binne sarakuna da manya, danginta suka ƙi, aka kai ta maƙabartar ƙauyensu. Haruffa biyu na sunanta da shekarunta kaɗai ke kan kabarin. Ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya.

Reshen aikinta ya iso Najeriya. Kofoworola Abeni Pratt, 'yar Legas, ta shiga waccan makaranta ta Sen Tomas a 1946. A 1964 ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci nas-nas na asibitin koyarwa na Ibadan, daga baya ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta ƙasa, a 1973 kuma aka ba ta lambar yabo mai sunan Naitingel.

Abin da ya shafe mu yau

Fulorens ta mutu shekara 18 kafin a gano fenisilin a 1928. Ba ta da allura ko kafso mai kashe ƙwayoyin cuta, sai ruwa da sabulu da lura. Abin tsoro shi ne muna neman komawa zamaninta. Duk lokacin da aka sha irin wannan magani ba bisa ƙa'ida ba, ƙwayoyin da ba su da ƙarfi su mutu, masu taurin kai su rage, su hayayyafa, gobe maganin ya daina jin su. Wani babban bincike ya nuna a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi shafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu, cikin majinyata 100 da aka kwantar, wajen 15 suna kwasar wata cutar a cikin asibitin.

Shi ya sa manyan asibitoci ke da nas ta musamman mai hana yaɗuwar cuta. Ita ke duba wanke hannu da dafa kayan tiyata, ta tabbatar an jefa allura a akwatinta, ta ware mai cutar da ke yaɗuwa, ta riƙa rubuta yawan ɗinkin da ya yi ruwa a kowane ɗaki domin a gano inda matsala take. Aikin Fulorens ke nan sak. 'Yarmu da ke son wannan hanya ta dage da Turanci, lissafi da darussan kimiyya uku, ta yi karatun nas, sannan ta ƙara horo a wannan fanni. Mu kuma mu tuna da ita idan ana rabon rance.

Namu kason ba shi da wuya. Mu daina sayen kafso a tiren mai talla da rana ta gama dafawa. Mura ba ta buƙatar irin wannan magani. Wanda likita ya rubuta a sha shi yadda ya ce, kada a raba da maƙwabciya. In mun je dubiya, kada mu cika ɗaki, kada mu zauna a gadon majinyaci, mu bar jarirai a gida, mu wanke hannu da sabulu shiga da fita. In nas ta ce mu fita, kada mu ce ta cika iyayi, ranmu take karewa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya ƙara haɗa kan wannan ƙungiya tamu. Amin.