Taƙaitaccen Tarihin Malam Muhammadu Al-Kashinawi, Masanin Lissafi

Gabatarwa

Mu ’yan Michika, in aka ambaci karatun ƙere-ƙeren injuna ko na kwamfuta, sai hankalinmu ya tafi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, ko Jami’ar Modibbo Adama ta Yola. Da yawanmu kuma mun ɗauka lissafin da ake dogara da shi a waɗannan fannoni Turawa ne suka zo mana da shi. Wannan ne ya sa na ga ya dace in kawo tarihin wani malamin ƙasar Hausa da ya shahara a lissafi tun kafin zuwansu.

Rayuwarsa

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafulatani ne mutumin Katsina, shi ya sa Larabawa ke kiran sa Al-Kashinawi. Daga cikin malamansa akwai Malam Muhammadu Alwali na ƙasar Bagarmi. Wajen shekarar 1730 ya tafi aikin Hajji, daga nan ya zarce Alƙahira, inda ya sauka a gidan Shehu Hasan Al-Jabarti, masanin taurari. A gidan nan Allah ya yi masa rasuwa a shekarar 1741. Ɗan mai masaukin nasa, wato masanin tarihi Abdurrahman Al-Jabarti, shi ya adana labarinsa cikin littafin da ya rubuta na tarihin Masar.

Ayyukansa

Daga cikin littattafansa akwai Bahjatul Afaƙ, wanda ya yi magana a kan hatimi. Ko da yake an fi sanin hatimi a wajen malaman tsibbu, tsarinsa lissafi ne tsantsa. Misali, hatimi mai gida uku-uku yana ɗaukar lambobi 1 zuwa 9, kuma ko a tsaye, ko a kwance, ko a karkace ka haɗa, 15 za ka samu. Mai gida biyar-biyar kuwa 65 yake bayarwa. Malam ya shimfiɗa ƙa’idojin cika irin waɗannan gidaje daki-daki, yadda duk wanda ya bi su zai isa ga amsa ba tare da kame-kame ba. A ganina, nan ne ya haɗu da ɗaliban yau, domin irin wannan umarni na mataki bayan mataki ake rubuta wa kwamfuta. Haka kuma ɗalibin injiniya a layi-layi yake jera lambobi in zai auna nauyin da ƙarfe zai iya ɗauka.

Kammalawa

’Yan’uwana ɗaliban harshe, aikin malam da Larabci yake, ɗaliban kimiyya kuwa da Turanci suke karatu. In ba mu muka fassara irin waɗannan ayyuka zuwa Hausa, muka samar musu da kalmomi ba, wa zai yi? Allah ya jiƙan Malam Muhammadu, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.